Makon Da Na Kai Hajara Ganin Saniyarta

Akwai mako guda a rayuwata da nake roƙon Allah ya yafe mini: makon da na cire autata Hajara daga makaranta muka tafi ruga, tana aji shida. Karatuna bai yi nisa ba, a ganina kwana uku ba komai ba ne.

A gidanmu ana ba kowane jariri karsana ranar suna. Ta Hajara tana hannun wana, Hamma Buba, a rugarsa bayan Alkaleri. Sai ya aiko cewa saniyar ta haihu, a kawo mai ita ta gani. Malamar ajinsu ta roƙe ni in bari sai hutu, don ranar Asabar ƙarfe tara za a yi jarrabawar shiga sakandaren kwana. Na ce mata Laraba muna gida.

Litinin

Biyar da rabi, bayan sallar asuba, muka tari motar Gombe a bakin titin Inkil. Direba ya ga jakar littattafai ya ce, "Baba, yau Litinin fa, ina za a kai 'yar makaranta?" Na ce za ta ga dukiyarta, fasinjoji suka yi dariya. An tsayar da mu a shinge kusa da gadar Dindima, aka leƙa but, muka wuce. Ƙarfe bakwai muka sauka Alkaleri, muka sha koko da ƙosai, sannan babur ya yi awa guda da mu cikin daji. Aka sauke Hajara a bukkar gwaggonta, aka dama mana fura da kindirmo. Maraƙin ja ne mai farin goshi. Ta shafa shi, ta koma gindin tsamiya ta buɗe littafi.

Laraba

A wurinmu ƙani ba ya ce wa wansa zai tafi, sai an sallame shi. Na fito da jakata na ajiye inda Hamma zai gani. Ya gani, ya ce a mayar, Juma'a zai yanka mana rago. Hajara ta ja hannun rigata ta ce, "Baffa, ka gaya masa Asabar." Na ce zan faɗa. Alhamis ta wuce, Juma'a muka ci rago, kunya ta hana ni buɗe baki.

Asabar

Da asuba Hamma ya ga Hajara tana ta sauri, ya tambaye ta dalili, ta gaya masa. Ya juyo wurina ya ce, "Da ka faɗa, tun Laraba ni da kaina zan kai ta titi." Babur bai samu ba sai bakwai da rabi, motar Alkaleri kuma ba ta cika ba sai wajen goma. Sha ɗaya da rabi muka isa ƙofar makarantar da ake jarrabawar a Bauchi, yara na fitowa da fensir a hannu. Malamar ajinsu ta gaishe ni da ladabi, ta wuce. Muka koma Inkil a Keke Napep. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya.

Hajara ta maimaita aji shida, ƙawayenta suka tafi suka bar ta. Ta ci jarrabawar a shekara ta biyu. Saniyar ta sake haihuwa sau uku, ba ta taɓa cewa a kai ta ta gani ba.

Iyaye 'yan'uwana, don Allah kada ku yi irin tawa. Da na bari, da saniyar nan ta jira hutu.