Akushin Yaya Bawa, Shekara Arba'in Bayan Marisuwa

Shekara arba'in ke nan, in lissafina bai ɓace ba, da rasuwar yayana Bawa. Na daɗe ina jinkiri kafin in ɗauki alƙalami. Sau uku ina fara takardar nan ina yagewa, don karatuna bai wuce elemantare ba, kuma ina tsoron in faɗi abin da zai taɓa mutuncin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Amma wata biyu da suka wuce na ji wata magana a zauren gidana da ke Tudun Wada, nan Gusau, kuma tun ranar abinci ba ya yi mini daɗi. Idan na ƙara ko na rage, Allah ya yafe mini.

Garinmu ƙarami ne, mai ganuwa da ƙofa biyu, tsakanin Bungudu da Gusau. Ba zan faɗi sunansa ba, don akwai jikokin mutanen da zan ambata. Yaya Bawa falke ne. Yana da jakuna huɗu, yana ɗaukar kanwa da gishiri zuwa kasuwannin Tsafe da Bilbis, ya dawo da abin da ya samu. Dogo ne, mai yawan dariya, kuma yana da wata faffaɗar malafa mai jan baki wadda ko daga nesa ka hango ta ka san shi ne. Ni kuwa a lokacin ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina malamin hakimi, don ni kaɗai ne a garin aka taɓa kaiwa makarantar boko. Yakan tsokane ni ya ce, "Malam sarkin tsoro, ko kaza ta yi atishawa sai ka rubuta." Bai yi ƙarya ba. Har yau haka nake.

A shekarar da murar nan mai kisa ta zo, wadda tsofaffi ke kira marisuwa, an gama yankan gero, dawa tana tsaye. Labari ya riga cutar isowa. Aka ce a garuruwan kudu mutum yakan yi sallar asuba da jama'a, kafin kwana uku a kai shi. Sai takarda ta zo wa hakimi daga sama, ni na karanta ta a ƙofar fada da bakina. A tsayar da cin kasuwa. A bar taron biki da zaman makoki. Duk wanda ya fito daga wani gari, ko ɗan gari ne, kada ya shigo sai ya yi kwana bakwai a waje. Aka kafa bukkoki na kara a gindin wasu tsamiyoyi can bayan ganuwa, aka sa dogari a kowace ƙofa. Tsakanin ƙofar gabas da bukkokin akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse, aka ce nan ne iyaka. Mai kai abinci ya ajiye a kan dutsen ya ja da baya, na waje su zo su ɗauka.

Kwana biyu da kafa dokar Yaya Bawa ya dawo daga Tsafe. Ina tsaye a ƙofa tare da dogari. Na ɗaga murya na gaya masa ba shiga. Ya yi dariya ya ce, "To Malam, ka gaya wa Ige ta riƙa cika akushi, ni ba ni cin tuwon rowa." Ya juya jakunansa zuwa tsamiyoyi. Wannan ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinsa.

Ige matarsa ce. Safe da yamma takan ɗauki babban baƙin akushin gidanmu, mai tsaga a gefe wadda maƙeri ya ɗinke da jan ƙarfe wuri uku, ta kai kan dutse. A wajenmu ba a mayar da kwano wofi. Don haka kullum akushin zai dawo a wanke, da ɗan gutsuren kanwa a ciki daga kayan Bawa. Innarmu takan ɗauki kanwar ta ce, "Ɗana ya gaishe ni." Ige kuma takan tsaya daga nesa har ta ga mai malafa ya fito ya ɗauki akushi ya ɗaga mata hannu, ita ma ta ɗaga masa, sannan ta dawo.

Duk da ƙofofin da aka tsare, cutar ta shigo. Ban san ta inda ta bi ba. Cikin kwana kaɗan gida bayan gida ya kwanta. A nan na ga abin da ban sake gani ba. An hana shiga gidan juna, sai mata suka riƙa miƙa kunun tsamiya ta kan danga. Wadda ke da sauran ƙarfi ta daka wa gida uku. Samari suka raba kansu, wasu ɗibar ruwa su ajiye a ƙofar zaure, wasu haƙar kabari. Liman yana bin lungu yana kiran sunan kowane maigida, in an amsa ya wuce, in ba a amsa ba ya tsaya. Amma da farko kowace unguwa tana aika wa baƙin da ke bukkoki tuwo, da ciwo ya yi yawa sai kwanukan suka riƙa raguwa. Kowa ya ji da nasa. Har ya zama akushinmu ne kaɗai ke zuwa kan dutse ba fashi, don gidanmu Allah ya tsare shi.

Ranar da kwana bakwai suka cika, muka fita ƙofar gabas tarbarsa, ni da Ige. Ga jakuna huɗu tafe. Ga mutum a bayansu. Amma malafar tana hannunsa, ba a kansa ba, kuma ba Bawa ba ne. Wani dogon baƙo ne, Tanko, mutumin wajen Bilbis, mai sayar da igiya, ɗan yatsansa ƙarami na hagu a guntule. Ya durƙusa ya ce, "Sai haƙuri. Bawa ya cika tun rana ta uku. Mun yi masa sutura."

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Ige ta zauna a ƙasa. Ni kuwa na ce, "To wa ke ɗaukar akushi kwana huɗun nan? Wa ke ɗaga hannu?" Ya ce, "Ni ne." Na ce, "Da malafarsa?" Ya ce, "Da ita." Na ce, "Ka ci tuwon mamaci, ka bar uwarsa tana murna da kanwa, ka bar matarsa tana yawo ba ta shiga takaba ba?" Ya dubi ƙasa ya ce, "Haka aka yi." Ko kalma ɗaya bai ƙara ba.

Ni na ja shi gaban hakimi. Ni na faɗi laifinsa, ni na rubuta. Aka yi masa bulala, aka fitar da shi ta ƙofar yamma, aka ce kada a sake ganinsa. Sai bayan ya tafi na tuna ban tambaye shi wane ne kabarin Bawa ba. Na je gindin tsamiyoyi na tarar da tudu biyar, ba alama ko ɗaya. Sauran baƙin duk sun kama hanya tun da safe. Inna ta rayu shekara tara bayan haka, kuma duk sanda aka ambaci shekarar sai ta ce Allah ya isa tsakaninta da mai guntun yatsa. Ni kuma in ce amin. Ban san amin nawa na faɗa ba.

Haka na zauna da labarin shekara arba'in. Na ba 'ya'yana shi, don su san akwai masu cin amana ko a bakin kabari. Akushin kuwa ya biyo ni Gusau, ba a fito da shi sai ranar taro.

Wata biyu da suka wuce aka yi sunan jikata. Cikin dangin surukanmu da suka zo daga Mada akwai wata tsohuwa, Inna Kulu. Mai ɗakina ta aiko a ce in zo zaure, wai wata baƙuwa ta ga akushi ta ƙi cin abinci. Na tarar da ita ta rungume shi tana shafa ɗinkin jan ƙarfen da yatsa. Ta ce, "Malam, ina ka samu wanga akushi?" Na ce na gidanmu ne, na yayana ne. Ta ce, "Bawa mai kanwa?" Na ce shi. Ta ce, "Wanga akushi shi ya rayar da ni."

Ashe tana cikin bukkokin, ita da mijinta, a kan hanyarsu ta komawa Mada. Ta ce su goma sha wani abu ne, rabi a kwance, kuma da kwanukan gari suka ɗauke, akushin Bawa ake rabawa loma-loma. Da Bawa ya ji jikinsa ya ƙi, ya kira Tanko, ita tana ba shi ruwa, ta ji da kunnenta. Ya ce, "Ka san al'ada. Ranar da suka ji na mutu, gidanmu ba a hura wuta sai bayan kwana uku. Ige kuma ta shiga takaba, ba ta fitowa. Wa zai kawo tuwo? Ka sa malafata. Ka riƙa jefa kanwa. Kada ka faɗa sai an buɗe ƙofa." Tanko ya ce ba zai iya ba. Bawa ya ce, "Tsawonmu ɗaya, muni ne kawai ka fi ni, shi kuma ba a gani daga nesa." Ta ce har masu kwance sai da suka yi dariya. Kafin la'asar ya cika.

Na ce, "To don me bai faɗa ba da ake dukansa?" Ta buɗe baki ta ce, "An doke shi? Tanko?" Ashe ba ta sani ba. Na ce ni na sa. Ta daɗe tana kallona, kallon da har yau in na rufe ido ina ganinsa. Sannan ta ce tun kafin su rabu mijinta ya ce masa ya gaya wa dangin Bawa yadda aka yi. Tanko ya ce, "In na faɗa, uwa za ta ce ɗanta ne ya yaudare ta, ta riƙe mamaci a rai. Gara ta riƙe ni, ni ina da ƙafar tafiya." Ta ce shi ke cin na ƙarshe, wata rana ma ruwan wankin akushi kawai yake sha.

An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na san karin maganar tun ina yaro, ban san na taɓa tsayawa gaban mai irin wannan cikin ba, har na sa aka tuɓe masa riga. Innarmu ta tafi ba ta sani ba. Ige ma ta tafi ba ta sani ba, ita da ta riƙa cewa ba ta yafe wa kanta hannun da ta ɗaga wa baƙo ba. Saura ni, mai rubuta atishawar kaza, wanda bai tambayi dalili ba ranar da ta kamata.

Ina yawan tunanin abin da Yaya Bawa zai ce in ya ga Gusau ta yau. Jirgin ƙasa yana zubo mutane, motoci suna shigowa ta kowace kusurwa, babu ganuwa balle ƙofar da dogari zai tsare. Akwai asibiti, akwai dubagari, akwai masu allura, kuma na gode wa Allah da su, rigakafi ya fi magani. Ban zargi dokar waccan shekara ba, ni na karanta ta, kuma in an sake kawo ta zan bi. Amma takardar ta faɗi inda baƙo zai tsaya, ba ta faɗi wanda zai ciyar da shi ba. Wannan gurbin, Bawa ya cike shi da gawarsa, Tanko ya cike shi da bayansa. Yau a unguwarmu akwai maƙwabcin da ban san sunansa ba, katanga ta fi danga tsawo, ba a miƙa kunu ta kanta. In aka wayi gari aka ce kowa ya zauna gida, ban san akushin wa zai fita ba. Ina jin Bawa zai yi dariya ya ce, "Malam, bar lissafi, cika akushi."

Bai bar ɗa ba. Jakunan sun mutu, malafar gara ta cinye, kabarinsa ɗaya ne cikin biyar, kuma an ce yanzu wurin gona ce. Amma Inna Kulu ta lissafa mini 'ya'yanta da jikokinta har yatsunta suka ƙare, kuma ɗaya daga zuriyarta ce ta haifa mini jikar da aka raɗa wa suna ranar. Abin da ya rage na Bawa ke nan, yana tafiya da ƙafafunsa, har ya shigo gidana ban sani ba.

Roƙona ga masu karatu, musamman mutanen Bilbis da Tsafe da ƙauyukansu. Ko akwai wanda ya san Tanko mai igiya, dogo, mai guntun ƙaramin yatsa a hannun hagu, wanda watakila akwai tabon bulala a bayansa? In yana raye ya tsufa ƙwarai. In ya rasu, ina neman ɗansa, ko jikansa, ko wanda zai nuna mini inda aka sa shi. A aiko ta hannun editan wannan jarida, a ce na mai akushi ne, zai iso gare ni. Don Allah kada a yi jinkiri irin nawa, ƙarfina ya fara ƙarewa. Ina so in tambaya ko ya taɓa faɗin wane ne cikin tudun nan biyar. Ina so in durƙusa in nemi gafara, tawa da ta Innarmu. Akushin yana nan na wanke shi, ni zan ɗauko shi da kaina, kuma ba zan kawo shi wofi ba.