Kwalba a Turmin Yaji

Nata'ala mahauci ne a Ƙofar Ruwa, kuma ɗan dambe. Shekara bakwai yana shiga fage duk kaka, ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Rumfarsa ta kilishi a bakin kasuwar Kurmi take, kullum cike. Ba daɗi kaɗai ke jan mutane ba, so suke su koma gida su ce daga hannun gwarzo suka saya. Daɗin ma ai na yayarsa Kande ne, ita ke daka masa yajin a gida.

Abin da gari bai sani ba, mutumin nan matsoraci ne na bugawa a faifai. Ranar dambe tun da safe yake zarya tsakanin ɗaki da bayan gida, ko koko ba ya zama a cikinsa. Ba zafin naushi yake gudu ba. Gani yake ranar da gwiwarsa ta taɓa ƙasa, rumfa ta zama ta ƙudaje.

Kande kan ce, "Haba Nata'ala! Babanmu sau nawa aka kayar da shi? Washegari ya kasa namansa a saye tas."

"Yaya, ba ki san mutanen Kurmi ba ne."

A kakar 1955 wani Jibril ya shigo daga wajen Bichi, ya zubar da maza uku cikin mako guda. Makaɗa suka fara ambatar sunansa tare da na Nata'ala, aka sa ranar Alhamis. Gogan naku ya rame kamar mai jinya.

Ranar Alhamis ɗin da hantsi Kande ta tafi suna. Sai ya ɗauko wata koriyar kwalba, ya jefa a turminta na yaji, ya dake ta lilis. Ya dama ƙaro ya shafe igiyar da yake naɗe hannu da ita, ya barbaɗe ta da garin kwalbar. Tir! Ƙato da gemunsa, a tsugunne a madafar mata yana haɗa wa ɗan wani mugunta. Ya share turmin da tsumma ya kife. Namijin da bai taɓa riƙe taɓarya ba, ina ya san tsohon turmi na da tsagar da ke ɓoye gari?

Da la'asar aka kara. Naushi biyu kacal, fuskar Jibril ta dare, ya zube yana riƙe da ido. Kalangu ya ɗauka, aka ɗaga Nata'ala sama yana kirari, ba ko kunya. Ran nan ya ci tuwo kwano biyu. Idon Jibril na hagu kuwa bai sake gani ba.

Kande ba ta san komai ba, ta daka yajinta kamar kullum, aka yi sabon kilishi. Malam Salim, wani attajirin unguwar Sheshe da ya saba saye don baƙinsa, ya gutsura a gaban rumfa. Ƙaras! Ya tofar a tafin hannu, ga jini, ga wani abu kore yana ƙyalli.

"Malam Nata'ala, mene ne wannan?"

Wanzamin da ya yi jinyar Jibril yana aski a gefe, ya leƙo ya duba, ya ce, "Wallahi irin wannan na tsittsince a fuskar mutumin Bichi."

Kafin azahar Kurmi duk ta ji. Aka kwashe kilishin aka binne, don kada ko kare ya ci. Dattawan mahauta suka karɓe wuƙarsa.

Kande ba ta yi kuka ba. Gatari ta ɗauko ta faskara turmin a tsakar gida, ta ce, "Da kayar da kai aka yi, da ni zan dafa ruwa in gasa maka jiki. Yanzu ko kwanon da ka sha ruwa ƙyamarsa nake." Ta ɗaure kayanta ta koma wajen 'yarta.

Nata'ala ya tsufa yana dakon ɗanyun fatu zuwa majema, ƙuda na bin sa. Duk wanda ya tsaya ya saurare shi, sai ya ce masa shi fa ba a taɓa kayar da shi ba. Gaskiya yake faɗi, ba a taɓa ba. Amma har ya mutu, in ya zauna a majalisa ana cin abinci, sai ka ga kowa ya jawo faifai ya rufe kwanonsa.