Baƙon da Ke Tashin Baba

A gidanmu ba a tashin babba daga barci. Haka muka taso a ƙauyenmu na wajen Gwiwa: in Baba ya kishingiɗa, ko kaza ce ta yi kuka sai an kore ta. Wannan ladabin ne ya kusa kashe mana Inna.

Da ciwon mantuwa ya kama Baba, sunayenmu ya fara mancewa, daga baya dare da rana suka juye masa. Sai ya wuni yana barci a ɗaki mai duhu, mu muna sanɗa kada ya farka. Da an yi isha'i kuwa sai ya saɓa fartanya, wai gona za shi, ga rijiya a tsakar gida. Inna ce ke gadinsa har asuba. Ranar da ta yi gyangyaɗi a gaban murhu har bakin zanenta ya kama wuta, na ɗauki hutu daga wurin aikina a Kazaure na dawo gida.

Na goya Baba a babur zuwa asibiti, niyyata a ba mu ƙwayar barci kowa ya huta. Likitar ta ce ƙwayar za ta iya ƙara rikita shi, ya riƙa faɗuwa.

"Ku riƙa fito da shi hantsi kullum," in ji ta. "Ban da goro bayan la'asar. In ya kwanta da rana, ku tashe shi."

Na dube ta kamar ta ce in mare shi. Har muka iso gida ina mita, don ni dama ba haƙuri gare ni ba. Duk da haka na gwada sau ɗaya, na durƙusa na taɓa ƙafarsa. Ya buɗe ido ya ce, "Ɗan gidan wa ne wannan marar kunyar?" Na tashi na fito.

Inna ce ta samo dabarar. "Babanku bai taɓa barin baƙo a tsaye ba," ta ce. "Tunda ba ya gane ka, fita waje ka yi sallama."

Na tsaya a bakin zaure na gyara murya. "Salamu alaikum, maigida yana ciki?"

Ban rufe baki ba na ji yana laluben hularsa. Ya fito, ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida inda rana ke sauka, ya tambaye ni hanya da mutanen gida. Daga ranar na zama baƙo, da hantsi da bayan la'asar. In ya fito da goro da yamma, sai in karɓe har da nasa rabon in zuba a aljihu. Na ji shi yana gaya wa Inna wai baƙon nan mutumin kirki ne, sai dai kwaɗayin goro.

Ni da ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, sai ga mu muna ɓarar gyaɗa gwiwa da gwiwa. Ya ba ni labarin tafiyarsa Babura a ƙafa yana saurayi, da yadda ya fara ganin Inna a bakin rijiya, abin da ba zai taɓa faɗa wa ɗansa ba. Wallahi ina kewar hantsin nan, Allah ya jiƙansa.

Bai warke ba, kuma wani daren yakan tashi. Amma yawanci gajiya ke kwantar da shi har asuba, Inna ma ta fara mayar da jikinta.

Wata safiya ya ajiye gyaɗar ya ƙura mini ido.

"Daga Kazaure ka ce kake, ko? Ina da ɗa a can. In ka gan shi, ka ce masa uwarsa tana samun barci yanzu, ya kwantar da hankalinsa."

Na sunkuyar da kai kamar ina tsintar ɓawo.

"Zai ji, Baba," na ce.