Malam Bello da waya ta ashirin da bakwai

Malam Bello ya rasu. Da safen nan 'yarsa Nana ta kira ni, ina tsaye ina ɗaura ɗankwali. Ta ce, "Anti Rifkatu, Baba ya cika bayan asuba." Na ce mata to. Na ƙarasa ɗaurin, na zauna bakin gado.

Har yanzu ban yi kuka ba. Shayin da na haɗa yana nan ya huce.

Da yawanku ba ku san shi ba. Mutumin Ƙofar Marke ne, kuma shi ne ogana na farko a masana'antar da na yi aiki har na yi ritaya. Ya shiga wurin tun zamanin da kuɗin mai ya zubo, lokacin da Turawa suka zo kafa injina. Da hannunsa aka ja yawancin wayoyin na'urorin auna zafi da ƙarfin tururi. Turawan suka tafi suka bar zane-zane, shi kuma ya zauna da wayoyin.

Ni sai daga baya na zo, ana tsakiyar mulkin soja, lokacin da aka sayo kwamfuta ta farko a sashenmu. An ɗauke ni gwaji na wata shida. Ni kaɗai ce mace, ga goyo, ga mijina an yi masa canjin makaranta zuwa ƙauye.

Ranar farko ya ga babu kujera a teburina. Ya ɗauko tasa ya ajiye mini, ya koma kan akwatin kayan aiki. A kai ya yi ta zama har aka sayo wata.

Da azumi, shi yake tuna mini lokacin cin abinci ya yi. "Tashi ki ci, ɗiyata. Ke ba a ɗora maki ba."

Aikina shi ne in kwashe bayanan wayoyi daga tsofaffin zane-zanen in jera su a tebur cikin kwamfuta: lambar na'ura, lambar kebul, akwatin da ya shiga, da lambar kowace waya a cikin akwatin. In na gama, sai in shigar da fayil ɗin cikin sabuwar manhajar injiniyoyi, ita kuma ta fitar da sabon zane da ma'aikata za su riƙa bi.

Mako uku na yi ina bugawa. Ranar da na shigar, manhajar ta karɓe duka, ba ta mayar da layi ko ɗaya ba. Na buga zanen a firinta, na kai wa Malam ina murna, na aika wa manaja kwafi tun kafin Malam ya duba.

Malam ya karɓa. Ya ɗauki tocila ya ce in biyo shi.

Muka je akwatin da ke bayan tukunyar tururi. Ya buɗe, yana bin wayoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ni ina karanta masa daga takarda. Da muka kai ta ashirin da bakwai, na ce ta wata tsohuwar fitila ce da aka daina amfani da ita.

Ya ce, "Sake karantawa."

Na sake.

Ya ce, "Wagga waya ita ka kashe wuta in tururi ya yi yawa."

Ashe wajen gyara teburin cikin kwamfuta na goge gurbi ɗaya, duk lambobin ƙasa suka hau sama da layi guda. Manhajar ba ta da hanyar sani. Kuma washegari ne aka shirya cire duk wayoyin da zanena ya ce sun mutu. Mutum huɗu ke aiki a gindin tukunyar nan kullum.

Na jingina da bango.

Muka koma ofis. Ya jawo zanen, ya ciro biro, ya sa hannu a gurbin wanda ya duba. A gabana ya yi. Na ce, "Malam, ai ba ka duba ba lokacin da na aika." Ya ce, "Yanzu na duba." Ya ɗauka ya nufi ofishin manaja.

Ta ƙofa na ji muryarsa. "Ni nad duba, ni nas sa hannu. Laihina na."

Aka ba shi takardar tuhuma. Ƙarin girman da yake jira a shekarar ya wuce shi. Ni kuma aka tabbatar da ni a aiki.

Muka sake aikin daga farko, akwati bayan akwati, shi da tocila ni da takarda. Bai taɓa tayar da maganar ba. Abin da kawai ya ce shi ne kada in ƙara yarda da layin da ban taɓa wayarsa da hannu ba. Duk wanda na koya wa aikin bayan nan, sai da na kai shi gaban akwati.

Mako uku da suka wuce na je gaishe shi. Idonsa ya tafi, amma da na yi sallama ya gane ni. Yana zaune a zaure, ya rame, Nana ta kawo mana fura. Ya tambayi mijina, ya tambayi ɗan da nake goye da shi a wancan lokacin, wanda yanzu shi ma yana da 'ya'ya biyu.

Shekaru nake son in yi masa godiya yadda ya kamata. Ranar na fara. Na ce, "Malam, takardar nan da ka sa wa hannu..."

Ya yi 'yar dariya. "Ashirin da bakwai."

Na ce eh.

Ya ce, "Ba wanda yaƙ ƙone. Sha hurarki."

Na sha. Ban ƙarasa maganar ba. Na ce zan dawo bayan Sallah.

Ƙarfe biyu za a yi jana'izarsa. Zan tashi daga unguwarmu Minanata yanzu in je in zauna cikin mata. Ban san me zan ce wa Nana ba.

Allah ya jiƙan Malam Bello, ya yafe masa kurakuransa, ya rufa masa asiri can kamar yadda ya rufa mini nan. Allah ya ba iyalinsa haƙuri.

Musulminku da Kiristanku, duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya sa shi a addu'a. Ku ambaci sunansa.