Kaguwa da Makullin Sito

Gidanmu na unguwar Nima ɗaki goma sha ɗaya ne, ba famfo, amma muna da Kaka Adiza, mahaifiyar babana. Waakye, wato shinkafa da wake, take sayarwa a bakin babbar kwata. Da an idar da magariba sai ta hura murhun gawayi a tsakar gida, ta ɗora waken gobe. Nan muke zagaye ta, mu da 'ya'yan 'yan haya, Kotokoli da Zabarmawa, har da wata 'yar ƙabilar Ga da ba ta jin Hausa sosai amma ba ta fashi. Hayaƙi na shiga ido, sauro na cin ƙafa, ba mai tashi. Ni take zaunarwa kusa da ita, wai ni ne mijinta, mijin da bai iya komai ba sai cin ƙanzo.

"Ga ta nan tafe, mai gyangyaɗi ya nemi ɗakin uwarsa." Haka take buɗe tatsuniya.

Wadda ta zauna mini a kai ita ce ta Kaguwa. Wai da can Kaguwa miƙe take tafiya kamar kowa, kuma ita ke tsaron ƙofar Kada, sarkin ruwa. Wata rana Kada ya ce mata, "Ba sauke ki zan yi ba. Ɗan matsa gefe ki tsare mini ramin kifi, ki ƙaru da sanin gida." Ta matsa. Kwana biyu ya ce ta ƙara matsawa, ta tsare ciyawar bakin ruwa. Ta matsa. Matsa yau, matsa gobe, sai ta ji rana na dukan bayanta, ashe tana kan yashi. Ta waiwaya, ga ƙanen matar Kada zaune a ƙofarta yana hamma. Tun ran nan ƙafafunta suka manta gaba, idanunta suka fito waje don zargi.

Kaka ta buga ludayi a bakin tukunya. "Mumuni, mijina, in babba ya ce maka matsa gefe, kar ka dubi inda ya nuna. Dubi wanda ke tsaye a bayanka."

Na riƙe kuwa. Boko ban yi nisa ba, amma wannan karatun ban manta ba. Shekara ashirin da biyu ina riƙe da makullin sito a wani kantin tayil a Adabraka. Sau biyu Alhaji mai kantin ya ce in koma wani ɓangare, albashi ɗaya, sau biyu na ƙi. Issaka, wanda muka fara aiki wata ɗaya, duk inda aka tura shi zuwa yake: bin mota, tsayuwa a kanta, fito da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema. Ina masa dariya, ina kiransa Kaguwa. Yau shi ne manaja, ni nake fara gaishe shi da safe.

Makon jiya ɗan Alhaji, wanda ya dawo daga karatu da tabarau da ƙamshin turare, ya kira ni ofis. Wofa yake ce mini, wato kawu.

"Wofa Mumuni, za mu kai ka reshenmu na unguwar Madina. Ba sama ba ne, ba ƙasa ba ne, gefe ne. Ka koyi kwamfuta, ka san kwastoma. Haka ake girma a aiki yanzu."

"Wa zai riƙe makullina?"

Ya gyara tabarau. "Ai wannan ba matsala ba ce, Wofa."

"Na ce wa?"

"Ɗan ƙanwar Hajiya."

Na ce ya jira ni zuwa Litinin.

To ga shi, labarin Kaka ya fito daidai, har da ɗan'uwan matar maigida. Amma tsohuwar da kanta nake zargi yanzu. Goro ta fara sayarwa a Salaga, ta koma atamfa a Kumasi, ta koma koko, ta ƙare a waakye, kuma da shi ta je Makka. Ba wanda ya taɓa ɗaga ta sama, gefe-gefe ta yi ta yi har ta kai. To me ya sa ta tsorata ni? Sai da na yi kwana biyu ina juya abin sannan na tuna. A shekarar da ta ba mu labarin, babana yake son barin gadin da yake yi ya bi motar Legas, kuma kullum yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana jinmu. Da ɗanta take, kar ya tafi ya bar ta. Shi ya yi tafiyarsa, ni na kwashi maganar na zauna a kanta shekara ashirin da biyu.

Ban yarda da ɗan Alhajin nan ba, ko kaɗan. Wurina suke so, girmana bai dame su ba. Amma ko na ƙi, makullin za su karɓa, kuma mai shekara hamsin da ɗaya da bai san komai ba sai ƙirga kwali ba inda za shi. Ranar Litinin na ce zan tafi, amma a rubuta mini canjin a takarda, Alhaji ya sa hannu, ba ɗansa ba. Aka rubuta, na ajiye makullin a tebur.

Ina fita Issaka ya tare ni a ƙofa. "Chale, abokina, ka makara da shekara ashirin fa."

Na ce masa na sani, kuma ban tambaye shi ba.