Gaisuwar da Baba Salfo ya yi a ƙasa

Shekara ashirin da shida Baba Salfo Nikiema ya yi yana ɗauko kayan lambu a keke daga bakin dam na Lumbila zuwa Wagadugu: kabeji, latas, tumatir, kwando biyu a gefe, ɗaya a baya. Shi ne babba a cikin 'ya'yan kakanmu maza, mutum ne mai ƙarancin magana da yawan kunya.

Ciwon da ya kama shi ba ya faɗuwa a gaban mutane. In ya tsaya ya lafa, in ya kwanta ya lafa, da ya zauna sai ya ji kamar an tura masa garwashi a ƙarƙashi. Shekara uku yana cewa ƙafa ce. An yi ƙaho, an sha saiwoyi, an yi maganin basir kala-kala, ya yi ta naɗa wa sirdi tsumma har ya koma kamar gammo. Sai da wasu likitoci baƙi suka zo wani asibiti a birni suka gano cewa jijiya ce can cikin ƙugu ta maƙale, sirdi ya daɗe yana danne ta. Suka tsaga ta mazauni suka sake ta.

Ranar sallama likita ya yi wa matarsa, Inna Aseta, bayani dalla-dalla. Sati takwas kada ya zauna, sai ɗan abin da bai wuce a sha ruwa a tashi ba. Jijiyar da ta daɗe a matse ba ta hucewa da wuri, tana iya ƙara zafi ma kafin ta sauka. Keke kuwa ya manta da shi.

Daga nan gidan ya yi masa kaɗan. Ya tashi daga ƙofa ya je gindin darbejiya, daga can ya je turken tumaki, ya dawo ƙofa, ya leƙa titi, ya koma. Tuwo a tsaye yake ci, kwano a kan ganga. Ya sauya wa tunkiya turke sau uku a sati ɗaya. Ya kwance ƙyauren bayi da ba abin da ya same shi ya sake ɗaurawa a karkace. Har madafa ya fara shiga yana buɗe tukwane.

"Maigida, don Allah ka fita mini daga nan," in ji Inna Aseta. "Shekara talatin ina yin miyar kuka ba ka taɓa sanin inda gishiri yake ba."

"To ina kike so in je?"

"Ka kwanta."

"Na kwanta har haƙarƙarina ya gaji da ni."

Ba ciwon kaɗai ke hana shi sukuni ba. Rasmane, ɗan ƙaninsa da ya rasu, wanda ya riƙe tun yana rarrafe, ya nemi wata yarinya, Talato, a wani ƙauye gaba da Kombisiri. Sau biyu ana ɗaga ranar gaisuwar surukai saboda jinyar. Sai ga saƙo daga kakan yarinyar, Tsoho Tinga: ranar Lahadi mai zuwa ce, in ba a zo ba ba za a sake ba da rana ba, wanda ba shi da niyya ya faɗa. Baba Salfo ne uba, ba wanda zai ja tawagar sai shi. A wannan gaisuwa kuwa baƙi kan zauna a tabarma, ƙasa da dattawan gida, tun daga ruwan maraba har a karɓi goro. Tsayuwa a kan surukai raini ne. Sati biyar ke nan da yi masa aikin.

"Baba, a faɗa musu gaskiya mana," in ji Rasmane.

"In ce musu me? In je gidan surukai in buɗe baki in ambaci wurin? In kai ba ka da kunya ni ina da ita. An ce musu ƙafa, ƙafa ce."

Ya gwada a gida. Ya shimfiɗa tabarma ya zauna, Inna Aseta ba ta gama wanke tukunya ɗaya ba ya miƙe, gumi ya jiƙa masa riga. Wuni guda ya yi a kwance yana cije leɓe.

Mutum ɗaya ne ya san inda aka tsaga ban da 'yan gida: Lasina Drabo, mai gyaran keke a bakin kasuwa. Ɗan ƙabilar Samo ne, mu kuwa Mosi, abokan wasan juna ne tun kaka da kakanni, abin da duk ya faɗa mana ba a riƙe shi. Kullum da la'asar sai ya zo.

"Bawana, har yanzu kana gadi?"

"Dole in yi gadi, tunda ɗan Samo ya san hanyar gidana. Tumakina nake ji."

"Ranar Lahadi da ni za a je. Bawa ba ya neman aure ba ubangidansa."

"Ba za ka ba. Bakinka ba shi da murfi."

Ranar Lahadi suka tarar da Lasina ya riga kowa hawa babur mai ƙafa uku da aka ɗauko. Baba Salfo ya yi tafiyar a tsaye yana riƙe da ƙarfe, kowane rami sai ya runtse ido.

A ƙarƙashin rumfa dattawan gida na kan benci, Tsoho Tinga a kujerarsa, mata a bayan zana. 'Yan tawaga suka zazzauna. Baba Salfo ya rage shi kaɗai a tsaye, ya ga idanu sun fara ɗagowa. Sai ya durƙusa, ya kai gwiwar hannu ƙasa, ya sunkuyar da kai, ya shiga buga ƙasa a hankali da hannuwansa, irin tsohuwar gaisuwar da ake yi wa sarakai, wadda rabonsa da ganinta tun mahaifinsa na da rai. A haka nauyinsa ya bar wurin ciwon. Ya gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya.

Tsoho Tinga ya ji daɗi. "Ashe da sauran masu tarbiyya a birni. Tashi ka zauna, ɗana."

Ya yi godiya, bai tashi ba. Aka kawo ƙwaryar ruwan gero, ya sha a dogare da hannu ɗaya, rabi ya zube a gemu.

"Ya isa haka. Zauna."

Ya ƙara godiya. Bai zauna ba.

"Tabarmarmu ce ba ta yi maka ba?" Muryar tsohon ta sauya.

Wani baffan yarinyar ya ce, "Sau biyu kun shanya mu. Yanzu kuma ba'a aka zo yi mana? Mu ba sarakai ba ne."

Baba Salfo ya dubi Rasmane, ya ga yaron ya rungume ƙullin goro yana kallonsa. Ya ja numfashi, ya dafa ƙasa, ya fara juya jiki zai zauna. In jijiyar za ta lalace ta lalace.

"Kai, 'yan Mosi, kanku da tauri!" Lasina ne, da murya kamar a kasuwa. "Ku bar mini bawana. Likita ya tsaga masa ɗuwawu kamar kabewa ya ɗinke, ya ce kada ya zauna sati takwas. In ya zauna a tabarmarku, ku za ku goya shi zuwa asibiti!"

Wata tsohuwa ce ta fara fashewa da dariya a bayan zana, sauran suka bi. Baba Salfo ya kifa goshi a ƙasa, ya so a ce ta buɗe.

"Wa ya kwance ɗan Samon nan?" in ji Tsoho Tinga, yana goge ido. Sannan ya sunkuyo. "Gaskiya ne, ɗana?"

"Gaskiya ne, Baba."

"Kuma da zama za ka yi?"

"Da zama zan yi."

Tsohon ya kira wani yaro. Ya sa aka kawo sabuwar tabarma da matashi, ya ce ya kwanta ta gefen da ya fi masa sauƙi. A kwance Baba Salfo ya nemi auren, muryarsa da ƙyar take fita. Aka karɓi goro, aka sa rana bayan girbi.

Kafin Laraba ba mai sayar da latas a kasuwa da ba ta ji ba, har saƙo suke aikowa a gaida ɗinki. Kwana tara bai yi wa Lasina magana ba. Shi kuwa bai fasa zuwa da la'asar ba, ya zauna a bencin ƙofar gida ya miƙe ƙafa, yana yabon daɗin zama, Baba Salfo na kai da kawo a gabansa kamar bai gan shi ba. Rana ta goma ya tsaya ya ce da Inna Aseta a zuba wa ɓarawon tumakin nan tuwo, amma kada a sa masa nama.