Turmin Goggo a Waƙarmu

Ko na manta da komai na zamana a Jidda, ban da shekarar da waƙarmu ta yi tashe. Mu uku ne, duk ma'aikatan sito a Madinar Masana'antu: ni mai rerawa, sai mai jita, sai mai ganga. Situdiyo ta fi ƙarfinmu, don haka a ɗakina, gidan goggona a unguwar Bani Malik, muka naɗi waƙar, irin kiɗan rok ɗin nan mai taushi, rabi Hausa rabi Larabci. Muna tsaka da naɗa Goggo ta hau dakan yajin tsire a kicin, dim! dim! Na cika na yi fam, amma wa ya isa ya ce ta dakata? Haka muka saki waƙar da ƙarar turmi a ciki.

Kafin wata guda ta zaga gari. Tasi, shagon waya, gidan biki, ko'ina ita ce. Na fara sa baƙin gilashi har cikin sito. Sai masu sharhi suka fito. Ɗaya ya rubuta cewa muryata kamar ta mai mura, jitar ba yabo ba fallasa, amma wannan bugu mai nauyi da ke ƙasa shi ne ran waƙar. Sauran ma bakinsu ɗaya. Wallahi na ji ciwo.

Ana haka aka gayyace mu wasa a wani dandali bakin teku, da sharaɗin mu zo da "mai bugun nan". Mai gangarmu ya gwada har hannunsa ya kumbura, sautin bai fito ba. Ganin damar za ta kuɓuce mana, na durƙusa gaban Goggo na faɗi gaskiya.

"Au, ashe ni ce mawaƙiyar?" ta ce. "Halas, shi ke nan, zan je. Amma ka sani, ɗan nan, ni ba na dakan turmi wayam. Ba a yi a gidanmu."

Ranar wasan, bayan la'asar, ta hau dandali da turminta, ta zuba barkono da citta da ƙuli-ƙuli, ta ce, "Yalla, mu je!" Ban ƙarasa baiti na biyu ba atishawa ta sarƙe ni. Ina tsaye da makirufo, hawaye shaɓe-shaɓe, ko kalma ɗaya ta ƙi fita. Jama'a kuwa suka ɗauki waƙar da kansu, suna tafi suna bin taɓaryar Goggo har ƙarshe. Babu wanda ya lura na yi shiru, sai mai sharhin nan, da ya rubuta washegari cewa waƙar ta fi daɗi a haka.

Ranar na ajiye gilashi. Tun daga nan, kafin in ce wani ya dame ni da ƙara, sai na duba ko shi ke ɗauke da ni.